Hira Ma Makaranta Ce

A cikin watannin nan da suka wuce, wani hedimasta na wata makarantar firamare a Sabon Garin Zariya ya kawo mana ƙarar ɗaya daga cikin malamansa. Malamin nan saurayi ne, a hannunmu kuwa ya yi horon koyarwa, sabo da haka muka gyara zama muka saurara. Laifinsa biyu ne, in ji hedimasta. Na farko, wai ko wace yamma in ya tashi daga aiki sai ya shiga mota ya tafi Samaru, ya zauna a teburin wani mai shayi shi da abokansa, ba su da zance sai na littattafan nan da a ke ƙaga labarin tafiya duniyar wata da taurari da mutanen ƙarfe, har a kira isha'i. Na biyu, wanda ya fi damun hedimasta, wai ya fara kwaso wannan shirme yana kawowa aji, har ya gaya wa 'yan aji shida cewa wani dutse ya taɓa faɗowa a ƙasar Katsina daga wata duniya dabam. Hedimasta ya ce, "Ranka ya daɗe, in malami ya koma yi wa yara tatsuniya da rana tsaka, me za su rubuta ran jarrabawa?"

Maganarsa abin dubawa ce, gama dattijo ne mai kishin aikinsa, yaran kuwa amana ne a wuyansa. Amma mun ga bai kamata mu yanke hukunci a kan zaman da ba mu taɓa halarta ba, tun da gani ya kori ji. Sai muka tafi Samaru da kanmu, muka zauna da su yamma uku. Abin da muka gani shi ya sa muka ɗauki alƙalami, don ƙarar ta wuce kan malami guda, ta shafi ko wane malami da ko wane akawu da ke karanta wannan takarda. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, irin wannan hira makaranta ce, ko da ya ke ba ta da allo ba ta da ƙararrawa, kuma abin da ya cancance ta shi ne a gyara ta a yawaita ta.

ABIN DA MUKA GANI A SAMARU

Teburin yana bakin hanyar Sakkwato, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Masu zaman ba su kai goma ba. Ban da malamin namu, akwai wani akawu na ƙaramar hukuma, da ɗalibai biyu na jami'a, da wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar Binciken Aikin Gona, da wani mai gyaran waya, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda ke tahowa daga Sabon Gari a kan babur. Ba su da shugaba, ba su da magatakarda, ba kuɗin ƙungiya. Littafi ne ya haɗa su. Ɗayansu ya kan tsinto shi wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Sabon Gari, ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi, har bango ya tsinke a ɗinke shi da zare.

A yammar farko littafin da ke hannu shi ne na Jules Verne, marubucin nan Bafaranshe, wanda ya fito a 1865, inda ya ƙaga cewa an ƙera wata ƙatuwar igwa, aka ɗura mutum uku cikin harsashinta, aka harba su zuwa wata. Akawu ya yi ta yabon mutumin. Ya ce ku duba fa, daga Fulorida ya tashe su, su uku, a littafinsa na biyu kuma ya sauke su cikin tekun Fasifik, haka kuwa Amurka ta yi da kumbon Afolo 11 a 1969, bayan shekara ɗari da huɗu. Dattijon jirgin ƙasa ya girgiza kai. Ya ce shi ya shekara talatin yana ganin yadda fasinja ke kifawa in kan jirgi ya fizgi taragu da ƙarfi, alhali gudun bai kai na doki ba. To, yaya mutum zai kasance in aka harbo shi daga bakin igwa? Sai ɗaya daga cikin ɗaliban ya ciro biro, ya juya takardar da aka naɗo burodi, ya fara lissafi. Ya ce kafin abu ya kuɓuta daga jan ƙasa sai ya yi gudun kilomita 11 a ko wane sakan, igwar Verne kuwa tsawonta bai kai mita 300 ba. In a cikin wannan ɗan taƙi za a kai wancan gudu, nauyin da zai danne mutum ya ninka nauyin jikinsa sau dubbai, sai ya koma kamar ƙwan da aka taka. Shi ya sa roka ke tashi sannu sannu, tana ƙara gudu har mintoci. Dattijo ya ce, "To, yaro, yanzu na ji magana. Bafaranshe ya san inda za a, abin hawa ne bai sani ba."

Daga nan hira ta gangara kan labaran duniya. Mai gyaran waya ya tuna cewa Indiya ta sauke kumbonta a kan wata cikin Agusta na 2023, ya ce ina amfanin ƙasa mai tarin talakawa ta riƙa zuba dukiya a sama? Ma'aikacin gona ya ce kada ya manta Nijeriya ma ta harba tauraronta na farko cikin Satumba na 2003 daga ƙasar Rasha, kuma hasashen saukar damina da manoman Giwa da Soba ke ji a rediyo, hotunan taurarin ɗan Adam na cikin abin da a ke dubawa kafin a yi shi. Akawu ya ce ai wani tauraron namu da aka harba a 2007 bai cika shekara biyu ba ya mutu, sai da aka sake wani a 2011. Aka yi ta ja-in-ja, ba wanda ya kā da wani, har zance ya ƙare a kan kuɗin buhun taki.

To, jama'a, cikin sa'a biyu an taɓa lissafi, da ilmin motsi, da labarin ƙasa, da tarihi, da tattalin arziki, ba kuwa wanda ya yi hamma. Mun sha shiga aji duba darasi, ba mu cika ganin haka ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tambayoyi uku da suka yi ta dawowa cikin yamman nan uku: Wa ya faɗa? Ta yaya zai yiwu? In haka ne, me zai biyo baya? Duk wanda ya kawo magana sai ya tsaya ya amsa su, ko babba ne ko yaro.

DUTSEN ZAGAMI

Game da batun dutse kuwa, malamin yana da gaskiya. Ran 3 ga Oktoba na 1962, watau kwana guda kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami a Lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda ya ke tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Aka haƙo shi aka kai Kaduna wurin ma'aikatan binciken ma'adinai. Bayan shekaru masana suka gwada 'yar iskar da ta maƙale a cikinsa, suka tarar ta yi daidai da iskar duniyar Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrihu, kamar yadda kumbunan Viking na Amurka suka auno ta a 1976. Bal ma an ɗebi ɗan ɓarɓashinsa an sa cikin wani kumbo da aka harba zuwa Mars a 1996. Sunan Zagami sananne ne ga masana duwatsun sama a ƙasashen duniya, amma yaron Funtuwa ya kan gama makaranta bai taɓa jin labarin ba. Hedimasta bai sani ba. Mu ma, mu faɗi gaskiya, a teburin nan muka fara jinsa da kyau, sa'an nan muka koma muka bincika. Kunyar wannan tamu ce, mu masu tsara darussa.

ZARIYA BA BAƘUWAR WANNAN ZANCE BA CE

Waɗansu su kan ce ai wannan karatu na Turawa ne, ba ruwan Bahaushe da shi. Wanda ya faɗi haka ya manta tarihin garin da ya ke zaune. A nan Zariya ne Ofishin Talifi, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya shirya gasar ƙaga labari a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Duk wanda ya karanta su ya san Bahaushe ba ya jin tsoron kai jaruminsa ƙasashen da ido bai taɓa gani ba. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata malamai su riƙe. A cikin tatsuniya, ko labarin aljannu, in jarumi ya tashi sama ba mai tambayar da me ya tashi. A cikin ƙagaggen labarin kimiyya dole marubuci ya nuna hanya, mai karatu kuwa yana da ikon ya kama shi in hanyar ba ta ɓulle ba, kamar yadda dattijon jirgin ƙasa ya kama Verne. Nan amfanin irin wannan littafi ya ke.

East da Imam ɗin nan su ne kuma suka rubuta littattafan Ikon Allah, inda suka bayyana halittu iri iri da Hausa mai daɗi. An kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. A zamanin Yaƙi da Jahilci hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, ta Zazzau sunanta Bazazzaga. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na buga littattafai, shi kuwa a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka yawo. Alhaji Mamman Shata ma ya yi wa kumbon Afolo waƙa da kalangu. Ashe zancen ya shiga kasuwa da tasha tun tuni.

Ba kuma daga nesa kaɗai muka kalli wannan al'amari ba. Amurkawa sun kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu na 1962 kuwa ya yi magana da ita. Ran 23 ga Agusta na 1963, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi magana ta waya ta hanyar tauraron ɗan Adam, su ne shugabannin ƙasashe na farko da suka yi haka. A Samaru an fara gonar gwaji tun 1922. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964. A 2004 aka kunna ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a Cibiyar Nazarin Makamashi ta jami'a, ta farko a Nijeriya. Yaron da aka haifa a Samaru ya kan wuce gindin katangun nan kullum, bai san abin da a ke yi a bayansu ba, sai in wani ya ba shi labari.

Abin baƙin ciki, bayan Umaru Dembo kaɗan ne suka bi sawu. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano da sauran garuruwa sun cika kasuwa da littattafan Hausa, mafi yawansu a kan soyayya da zaman aure, ba kuwa laifi ba ne, gama sun koya wa dubban mata da matasa son karatu. Amma na kimiyya sai an tona. Ga Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta ci manyan kyaututtuka biyu na wannan fanni a 2016 da littafinta Binti, amma da Turanci ta rubuta, ɗan aji shida na Sabon Gari ba zai iya da shi ba.

ABIN DA MASU SUKA KE FAƊI

Suka ta farko ita ce ɓata lokaci. Bari mu kawo misalin wani ɗan'uwanku malamin makaranta. Konstantin Tsiolkovsky malamin lissafi ne a garin Kaluga na ƙasar Rasha, kunnensa ma ba ya ji sosai. Shi da kansa ya ce littattafan Verne ne suka fara sa masa tunanin tafiya sama, a 1903 kuwa ya buga lissafin tashin roka wanda a ke aiki da shi har yau. Robert Goddard na Amurka yana ɗan shekara goma sha shida ya karanta labarin H. G. Wells na yaƙin mutanen Mars, a 1926 ya harba rokar farko mai aiki da mai na ruwa. Arthur Clarke, marubucin irin waɗannan labarai, shi ne a 1945 ya bayyana cewa in an ɗora tauraro a nisan kilomita 36,000 zai riƙa kewayawa daidai da juyin ƙasa, ya zama kamar yana tsaye wuri guda, a riƙa aika magana ta kansa. A irin wannan nisa aka ɗora wanda Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta kansa. Ba mu ce duk mai karatu zai ƙera roka ba, irin waɗannan ɗaya ne cikin dubbai. Abin da mu ke nema bai kai haka ba: akawun da in an miƙo masa takarda zai tambayi inda ta fito, da malamin da ba ya jin haushi in yaro ya ce, "Malam, don me?"

Suka ta biyu, wai littattafan ƙarya ne. Lalle ƙagaggu ne, amma sun faɗi haka tun daga bango. Ƙaryar da ke cutarwa ita ce wadda ta sa rigar gaskiya ta shigo gari. Wanda ya saba zama inda a ke tankaɗe labari, a ware abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, shi ne mai saurin gane ta. Har wa yau littattafan nan su kan yi gargaɗi. A 1914 Wells ya ƙaga labarin yaƙi da bom na ƙarfin zarra, shekara talatin kafin a ƙera shi. Ran 13 ga Fabrairu na 1960 Faransa ta fasa nata na farko a hamadar Aljeriya, ta inda hunturu ke busowa, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita cikin Janairu na 1961. A ran nan mai karatun Wells ya riga maƙwabtansa sanin abin da a ke tsoro.

Suka ta uku, wai su kan raunana tarbiyya. Kallon sama dai ba baƙon abu ba ne wurin kakanninmu. Manoma sun san Kaza da 'Ya'yanta, matafiya sun san Gamzaki, malamai sun daɗe suna lissafin taurarin damina. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan lissafi wanda masana ke ambato har yanzu. Amma mun yarda akwai littattafai da finafinai na wannan fanni da ke ɗauke da batsa ko zubar da jini. Maganin wannan shi ne malami ya fara karantawa kafin ya miƙa wa yaro, kamar yadda ya ke yi da ko wane littafi.

INDA HATSARIN YA KE

Mu sani fa, mutane ba za su daina hira a kan abin da ya ba su mamaki ba. Abin tambaya shi ne wace irin hira za su yi. A 1969 wani ciwon ido mai yaɗuwa ya ɓulla a Afirka ta Yamma, da ya ke ya zo daidai da saukar kumbo a kan wata sai aka ce ai su ne suka kwaso shi, har yau kuwa afolo mu ke ce masa, alhali ƙwayar cuta ce da ke bin hannu da tsumma da ruwan wanke fuska. Wannan kuskure bai kashe kowa ba, amma akwai waɗanda suka kashe. Cikin Janairu na 2001 aka yi husufin wata, waɗansu matasa a Maiduguri suka ce zunubin waɗansu ne ya jawo, suka cinna wa gine-gine wuta. Cikin Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bi wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka yi ta yi, waɗansu suka kwanta asibiti, har aka yi rashin rai. Da tambayoyin nan uku na teburin Samaru sun riga saƙon isa gidaje, da ba a kai ga haka ba.

Ku gwada wannan da husufin rana na 29 ga Maris na 2006, sa'ad da Gusau da Katsina da Maraɗi suka yi duhu da hantsi. An sanar tun da wuri, an faɗi ranar, an faɗi sa'ar, an bayyana cewa wata ne zai gifta tsakaninmu da rana, sai jama'a suka fito suka yi kallo, masu salla suka yi salla, kowa ya koma harkarsa. Bayani ne ya riga jita-jita isowa.

A ko wace unguwa, in labari ya rikice, ƙofar malamin makaranta da ta akawu a ke bugawa a ce, "Malam, wai gaskiya ne?" Yanzu kuwa ga na'urori sun fara haɗa hoto da murya na abin da bai faru ba, har mutum ya ga kamar da idonsa ya gani. In wanda a ke tambaya bai saba tankaɗe labari ba, shi da mai tambayar duk rami guda za su faɗa.

AIBIN DA MUKA GANI

Kada a ce mun rufe ido. Hirar Samaru tana da aibi. Babu mace ko guda a wurin, alhali malamai mata sun cika makarantunmu, su ne kuwa ke fara amsa tambayar yaro a gida. Littattafan duk na Turanci ne, sabo da haka mai shayin da kansa, wanda ya fi kowa kasa kunne, sai an fassara masa. Wani lokaci mai babbar murya ya kan danne mai gaskiya. Hedimasta kuma bai yi kuskure duka ba: da muka duba littafin shirin darasi na malamin, mun tarar yana baya da mako biyu. Hira ba ta ɗauke wa kowa aikin da a ke biyansa albashi dominsa.

ROƘONMU

Na farko, muna roƙon hedimastoci su ware rabin sa'a a mako, ko ran Alhamis bayan tashi, malami ya karanta wa yara shafi biyu na irin wannan labari, sa'an nan ya rufe littafi ya tambaye su wanne zai yiwu, wanne ba zai yiwu ba, don me. In ya ga Tauraruwa Mai Wutsiya ya fara da shi. Kada a sa maki, kada a riƙe bulala.

Na biyu, akawuna da malaman da ke aiki wuri guda su yi adashen littafi. In mutum shida suka haɗa kuɗin shayin kwana biyu, sun sayi tsohon littafi guda a Sabon Gari, a shekara sun karanta goma sha biyu. Malamai mata su yi nasu a ɗakin malamai ko a gidan ɗayarsu, kada su jira a gayyace su bakin titi.

Na uku, a riƙa yin hirar da Hausa, ko da littafin na Turanci ne. Kalmomin kumbo da tauraron ɗan Adam da 'yan sama jannati ba daga sama suka faɗo ba, masu magana da Hausa ne suka laluba suka samo su don bukata ta kama. Wanda ya iya bayyana wa mai shayi dalilin da ya sa wata ba ya faɗowa, shi ne ya fahimci darasin.

Na huɗu, makarantun Samaru da Sabon Gari su rubuta wa cibiyoyin binciken da ke maƙwabtaka da su, su nemi izinin kai yara ziyara ko sau ɗaya a shekara. Tafiyar ba ta fi kuɗin mota ba.

Na biyar, ga masu alƙalami a cikinku. Wa zai rubuta mana labarin Zariya bayan shekara ɗari, in damina ta gajarta, ko in Tafkin Cadi ya dawo da ruwansa, ko in na'ura ta karɓe aikin akawu? Wa zai rubuta labarin manomin Zagami da baƙon dutsensa? Ba sai mutum ya je Ingila ba, kayan aikin suna nan a ƙofar gida.

Game da ƙarar da aka kawo mana, ga yadda muka yanke. Mun ce malamin ya cika littafin shirin darasinsa kafin ƙarshen wata, ya rage zuwa Samaru ya koma sau biyu a mako. Mun kuma roƙi hedimasta ya ba shi rabin sa'ar nan ta Alhamis, shi ma ya zauna a bayan aji ya saurara. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a fara kawo masa labarin dutsen nan a rubuce, ya karanta da idonsa, ya san wanda ya faɗa. Muka ce madalla, ai tambayar farko ke nan ta teburin Samaru.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya ba mu haƙurin sauraron tambayar yara, amin.